Yadda za ka kai baƙonka wasan mawaƙa a Kano ku dawo gida lafiya

Makon Sallah a Kano ba ya ƙarewa da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa. Da dare mawaƙa ke buɗe nasu fagen, kuma idan aboki ya taso daga Damagaram ko Kaduna ya sauka wurinka, da wuya ya koma bai ce ka kai shi ba. Daren nasa ne, saboda haka da shi za ka auna komai.

Fara da tambayarsa irin kiɗan da yake so. Wani waƙoƙin fim yake nema, wani kuwa kalangu da kukuma. Daga nan ka binciki wasan kansa: makaɗa za su hau dandamali da kayan kiɗansu, ko kuwa faifai za a saka mawaƙi ya riƙa bi da baki? Ni dai a ganina, mutumin da ya sha doguwar hanya ya cancanci ya ga makaɗi yana matse kalangu a hammata, yana sassauta tsarkiya, gangar tana amsa wa mawaƙi baiti bayan baiti. Wannan ba a samunsa a waya. Ka kuma tabbatar masu shirya taron sun sami izini, domin hukumar tace fina-finai da Hisba suna da ta cewa a kan irin waɗannan taruka, kuma akan dakatar da wanda bai cika sharuɗɗa ba.

Tikiti ka saya tun da rana a wurin da masu taron suka sanar. Kada ka saya a hannun yaran bakin ƙofa.

Sai batun komawa gida, wanda ya kamata ka gama da shi tun kafin ku sa takalmi. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, kuma a 2022 gwamnatin jiha ta sa wa 'yan adaidaita sahu dokar daina aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Wasa kuwa sau da yawa a wannan lokacin yake ɗaukar zafi. Saboda haka ko dai ku tafi da mota, ko ka yi magana da direban da ka sani, ku yi ciniki, ka karɓi lambarsa, ku tsayar da inda zai jira ku. Ka zaɓi wuri mai haske, ɗan nesa da cunkoson ƙofa.

Ku yi sallar Magariba da Isha'i kafin ku shiga. Ku ci abinci ma, don lokacin da aka rubuta a fosta ba shi ne lokacin da babban mawaƙi zai fito ba. Sai ƙananan sun gama nasu. Gurasa bandashe da tsire sun isa su riƙe ku, kuma baƙo zai ji ya zo Kano. Idan a fili ne kuma lokacin hunturu, ka ɗauko masa rigar sanyi.

A ciki, ku nemi wuri a tsakiya, daura da mai kula da na'urar sauti, domin nan ne kiɗa ya fi fita daidai. Wanda ya zauna gaban lasifika zai kwana kunnensa na ƙara. Ka nuna wa abokinka ƙofar fita, ku ajiye magana a kan inda za ku haɗu in turmutsitsi ya raba ku. Waya a aljihun gaba. Ku ɗauki bidiyo kaɗan ku mayar da ita, don masu ƙwacen waya irin wannan daren suke jira.

Idan mawaƙi ya fara ambaton sunaye, hannu zai yi ta ƙaiƙayi. To ka sani dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙi da watsa naira, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma an gurfanar da mutane a kansa. In za ku yi kyauta, ku sa a ambulan ku miƙa wa mai gabatarwa ya sanar. Baƙon da ya zo daga Nijar bai san wannan ba, kai za ka faɗa masa. Haka idan an yi habaici ko an kira wata unguwa jama'a suka ɗauki shewa, ka raɗa masa abin da ake nufi, kada a bar shi yana kallon bakin mutane.

Da ka ga ya fara hamma, ku tashi, ko da wasan bai ƙare ba. In kuwa yana jin daɗi, ku fita ana cikin waƙar ƙarshe, kafin jama'a su dunguma zuwa ƙofa. Ka kira direba tun kuna ciki, sannan ka sanar da mutanen gida kun taho, a bar muku ƙofa.