Injin kwale-kwale na mutuwa? Fara duba mai

In inji ya tashi ya mutu ko yana shaƙewa in ka ba shi wuta, kar ka yi saurin kwance kafireta. Fara da murfin tanki, akwai ɗan sukurun iska a kai, in yana rufe fetur ba zai taho ba, wallahi wannan kaɗai ya sha wahalar da mutane. Sai ka matsa robar famfon da ke jikin tiyon mai har ta yi tauri, kibiyar da ke jikinta ta kalli inji. In ta ƙi tauri to tiyo na shan iska, in ta lotse ta zauna haka akwai toshiya ta wajen tanki. Zuba fetur a kwalba, in akwai ruwa a ciki zai kwanta ƙasa. Wanke filta, sannan ka taɓa kafireta.