Yadda Zaka Samu Abincin Da Babu Nama A Birnin Salvador Na Birazil

Idan tafiya ta kai ka Salvador, babban birnin jihar Bahia a Birazil, kuma kai baka cin nama ko kifi ko ƙwai ko madara, ko dai don ra'ayi ko likita ne ya hana ka, ko kuma kai Musulmi ne kana gudun cin abin da baka san yadda aka yanka shi ba, toh kwantar da hankalinka, garin nan ba zaka kwana da yunwa ba. Sai dai fa sai ka iya tambaya, domin mutanen nan akwai su da ɓoye nama a cikin abincin da ido zai ce maka ganye ne zalla.

Tun kafin ka hau jirgi ka fara da harshe. Yaren Fotugal suke yi, kuma mai sayar da abinci a bakin titi da wuya ka samu yana jin Turanci. Ka rubuta wannan a wayarka ko a 'yar takarda: "Sou vegano" (mace kuma ta ce vegana), wato ni bana cin duk abin da ya fito daga dabba, sannan "sem carne, sem peixe, sem camarão, sem ovo, sem leite, sem queijo, sem manteiga". Ma'ana babu nama, kifi, jatan lande, ƙwai, madara, cuku da bota. Kar ka tsaya a "sem carne" kaɗai don Allah, wasu in ka ce carne naman shanu suke ɗauka kana nufi, sai a kawo maka kaza ko yankakken naman alade ana ganin an kyauta maka. Ka sauke manhajar HappyCow ma, tana nuna gidajen abinci na masu irin tsarinka a kan taswira.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe, ƙosai. Eh ƙosai dai namu, su acarajé suke ce masa. Wake ne mai baƙin ido a surfa a markaɗa da albasa da gishiri, a buga shi sosai a soya cikin manja, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka zo da shi, kuma a garin nan har da Hausawa cikin waɗanda aka kawo, a nan ne ma Musulmin bayi suka yi boren nan na 1835 cikin watan azumi. Zaka ga matan da ake kira baianas cikin fararen kaya da ɗankwali naɗe a ka suna zaune gaban kasko a unguwar Rio Vermelho ko Pelourinho, ƙamshin manjan ma tun daga nesa zai tuna maka gida. Shi ƙosan kansa lafiya lau ne, matsalar tana wajen haɗi, don tsaga shi suke yi biyu kamar burodi su cusa vatapá (wani haɗi mai kauri na madarar kwakwa da manja) da caruru (miyar kuɓewa) da busasshen jatan lande, su kuma waɗannan biyun na farko yawanci an riga an niƙa jatan landen a cikinsu ko da baka gani ba. Don haka ka ce a baka shi da salada kawai, wato tumatir yankakke, da yaji in kana so. Idan ta tambaye ka "quente?" ba zafin wuta take nufi ba, barkono take nufi. Akwai kuma abará, alale ne sak a naɗe cikin ganyen ayaba, amma shi sau da yawa a cikin ƙullin ake zuba jatan landen, ka tambaya kafin ka miƙa kuɗi.

Da rana kuwa ka nemi gidan abincin da aka rubuta "comida a quilo". Kai zaka ɗau faranti ka zuba abin da kake so a ɗora a sikeli ka biya gwargwadon nauyi, ni dai ban ga tsarin da ya fi wannan sauƙi ga baƙo ba tunda komai a buɗe yake gabanka. Shinkafa, dafaffen rogo da suke kira aipim, soyayyar agada, kabewa, salak kala-kala. Amma wake, feijão, ka tsaya ka tambaya "tem carne ou bacon no feijão?" domin al'adarsu ce dafa wake da naman alade ko busasshen nama. Haka farofa, wadda kamar garin kwaki ce da aka soya, da bota ko kitse ake yawan yin ta. In ka ci sa'a ka samu moqueca de banana-da-terra, miyar agada ce da madarar kwakwa da manja, kar ka bari ta wuce ka.

Karin kumallo ba wuya. Cuscuz na masara ne da ake turarawa kamar dambu, ka ce kar a sa bota. Tapioca ta sitacin rogo ce, ka ce a zuba kwakwa ko ayaba maimakon cuku. Pão de queijo kuwa duk yadda ya baka sha'awa ka bar shi, cuku da ƙwai ne.

In masaukinka akwai kicin, ka ware safiya ɗaya ka je kasuwar São Joaquim, kuɓewa da doya da barkono da manja da mangwaro da gwanda duk suna nan a shimfiɗe, ka yi cefanen kwana uku ka dafa da hannunka. Kayan leda na kanti kuma ka juya bayansu ka nemi inda aka rubuta "ALÉRGICOS: CONTÉM", in ka ga leite ko ovos ka mayar. Ga Musulmi, abinci ya zama babu nama baya nufin babu giya a ciki, wasu miya da kayan zaƙi ana ɗiga musu, sai ka ƙara "sem álcool" a ƙasan takardar nan taka.