Yadda na gyara ƙararrawar ɓarayi ta gidan Baba a Jidda

Dare uku a jere ƙararrawar gidan Baba tana kururuwa wajen ƙarfe biyu, ba ɓarawo ba kowa. Maƙwabta har sun fara amsa gaisuwa da ɗaure fuska. Baba ya ce, "Kai, cire mana abin nan mu huta."

Na buɗe akwatin da ke sarrafa ƙararrawar, na fara da batirin ajiya mai bolt 12. Ya kumbura kamar burodi, mita ta nuna bolt 9 da 'yan kai. Irinsa shekara 3 zuwa 5 yake yi, zafin Jidda kuma rage masa kwana yake. Na canza shi, kukan ya ragu, bai daina ba.

Ashe na'urar gano motsi ta falo ce. Canjin zafi take bi, ga ta an kafa ta tana kallon esi, cikinta kuma ƙura da saƙar gizo-gizo. Na goge ta, na mayar da ita wata kusurwa.

Shi kuwa akwatin, ta layin tarhon gida yake kira ya sanar idan ƙararrawa ta tashi, layin da aka yanke tun tuni. Na sa sabo mai sim, na bar wayoyin bango da maganaɗisun ƙofofi masu gano an buɗe ƙofa, tunda lafiyarsu ƙalau. Yanzu saƙo wayata yake shigowa.