Yadda za ka mai da filin ajiye motoci na tsakiyar gari gidajen haya

Filin da mahaifinmu ya bar mana a bayan kasuwa yake, fuloti uku a jere, kowanne hamsin da ɗari. Shekara da shekaru manyan motoci ke kwana a ciki, masu lodin riɗi da zoɓo zuwa Kano. Da aka mai da tasha bakin gari, sai ya zama filin ba ya cika sai ranar kasuwa, sauran kwana shida kuwa awaki ne da ledoji. A lokacin nan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ake turo mana suna ta yawon neman ɗaki, wasu har a zauren mutane suke kwana. Yau ɗaki goma sha biyu ne a wurin. In kana da irin wannan fili, ga hanyar da na bi.

Kada ka sauke bulo ko ɗaya sai ka gama da takarda. In gado ne, a raba tukuna, kowane magaji mace da namiji ya san rabonsa, a rubuta a gaban shaidu da mai unguwa. Daga nan ka gano wa ke da hurumin filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna: inda aka ayyana a matsayin birni shi ke ba da takardar mallaka, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce. Garuruwa irin namu na Jigawa sun girma, ba a gane wannan da ido, sai ka taka zuwa ofishin filaye ka tambaya. Ka kawo safiyo ya kafa duwatsun iyaka maƙwabta na tsaye suna gani, a zana taswirar gini, a nemi izini. A Kano, misali, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce ke kula da izinin gini a yankunan birni.

Sai mutanen da ke cin abinci a filin. Wannan ne mutane suka fi rainawa. Akwai mai faci, akwai mai shayi, akwai dattijon da ya fi shekara ashirin yana gadin motoci. Da na je masa da maganar, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To ɗana, ni kuma ina za ni?" Na ce, "Baba, ba inda za ka, gidan ma zai buƙaci mai gadi." Na ba kowa wata uku ya shirya, na kuma fitar da shago biyu ta bakin hanya na fara yi musu tayi. Shugabannin direbobi ma na same su da kaina, ban aika ba.

Ƙasar kanta ita ce babban aiki. Wurin da mota ta daɗe tana tsayawa ya sha baƙin mai. Ka sa leburori su haƙa rami huɗu ko biyar a wurare daban-daban, zurfin ƙugu, ka sunkuya ka shinshina. A kusurwar da makanikai ke juye mai, ƙasar da muka tono baƙa ce wuluk, tana maiƙo a hannu, tana warin gas. Tifa ta kwashe ta gaba ɗaya, muka cike da burji muka daɓe. Kada ka haƙa rijiya a irin wannan gefe, kuma ka nesanta ta da masai aƙalla mita 30, yara ne za su sha ruwan. Sa'an nan ka haƙura damina ɗaya ta wuce ka gani. Ni a watan Agusta na tsaya da lema ina kallon inda ruwan kasuwa ke bi, ashe duk ta cikin filinmu yake ratsawa. Da na toshe masa hanya, gidan maƙwabci zai faɗa. Muka ja masa magudana ta gefe, muka ɗaga harsashi ya ɗara titi da layin bulo uku. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba zai yi rowar siminti a nan ba.

Wajen tsari, ka bar tsakar gida mai faɗi don girki da shanya, ƙofar mata ta kauce wa idon kasuwa. Wurin mota kuwa kada ka ware fiye da buƙata. Ko a Amurka, birnin Buffalo ya soke dokar da ke tilasta wa mai gini tanadar wurin ajiye motoci tun 2017, don filayen su samu amfani. Masu hayarmu babur gare su, rumfa ɗaya ta kwano ta ishe su.

Ka gina gwargwadon aljihunka. Ni ɗaki huɗu da banɗaki biyu na fara kammalawa har rufi, kuɗin hayarsu na shekara ya sayi bulon jerin ɗakuna na biyu. Kowane mai haya kuma ka rubuta yarjejeniya da shi, a faɗi wanda zai biya wuta da wanda zai yashe masai in ya cika.