Yadda ake zaɓen yadin ulu mai haɗin siliki don hunturu

Hunturun Zariya iri biyu ne a rana guda. Da asuba sanyi na ratsa ƙashi, kafin azahar kuma rana ta buɗe mutum ya fara zufa. Shi ya sa yadin da aka cakuɗa ulu da siliki ya dace da mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ulu gashin tumaki ne mai lanƙwasa, yana tare iska a tsakanin zaruruwansa, iskar nan ce ke riƙe ɗumin jiki. Yana kuma iya shanye danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ka ji jiƙa ba. Matsalarsa ƙaiƙayi, musamman a fatar da hunturu ya busar. Siliki ke rage wannan, ya ƙara santsi da sheƙi, yadin kuma ya yi sauƙi a jiki. Ba baƙo ba ne a wurinmu: da zaren tsamiya, wato silikinmu na gida, masu ɗinkin hannu na cikin birni suka daɗe suna yi wa babbar riga aska takwas.

Da farko duba takardar yadin. Ka nemi wanda ulu ya rinjaya, kamar ulu kashi 70, siliki kashi 30. Idan ulun merino ne, wato na wani irin tumaki, ya fi kyau, zarensa siriri ne.

Sai ka goga yadin a wuyanka ko cikin damtsenka, ba a tafin hannu ba, domin shi bai cika jin ƙaiƙayi ba. Dunƙule shi ka saki, mai kyau zai miƙe da kansa.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na ashana, domin da yawa daga abin da ake kira "wul" a kasuwa roba ce. Ko a Sabon Gari ko Tudun Wada, ce wa mai kanti, "Alhaji, a ɗan ba ni zare daga gefe." Ƙona shi. Ulu da siliki ƙaurin gashi suke yi, su bar baƙin toka mai murmushewa. Roba narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri. Mai kayan gaskiya ba zai hana ka ba.

Wajen tela, ka ce kada ya matse kaftanin, kada kuma ya sa shafin roba, zai toshe zufa.

Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ban da bilic, yana cinye zaren. Kada a murɗe. Shimfiɗa shi a inuwa, a goge da ɗan ƙyalle a kai. Idan zafi ya shigo, a wanke kafin a ajiye, a sa kafur saboda asu.