Darasi na 7: Idan Muryar Faifai Ta Shaƙe

A gidaje da dama a Jos har yanzu akwai garmaho da faya-fayan da iyaye suka bari. Sai ka ɗora faifai ka ji murya tana fita a shaƙe, ko tana ƙaraf-ƙaraf. Kafin ka kinkimi na'urar zuwa wurin mai gyara a Taminus, zauna ka kasa kunne tukuna.

Fara da sauya faifai. In na biyu ya fita tas, to laifin na farkon ne, ko dai datti ko layukansa sun cinye. In duka biyun a shaƙe suke, koma kan allura.

Allura ita ce ta fi kawo matsala, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Ƙurar takan dunƙule a bakinta kamar auduga, ta hana ta zama daidai cikin layi. Kashe na'urar, ka samo buroshi mai laushi, ka share daga baya zuwa gaba. Kada ka share ta gefe, kuma kada ka sa yatsa. Allura tana tsufa. Mai bakin lu'ulu'u takan yi awa 500 zuwa 1000 tana aiki, bayan haka sai ta riƙa cin faifai. Alamarta ita ce harafin "s" ya riƙa fita da tsaki, abin ya ƙara muni idan waƙa ta kusa tsakiyar faifai.

Sai nauyin hannun da ke riƙe da allura. Yawancinsu giram 1.5 zuwa 2.5 suke so. In ya yi sauƙi da yawa, allura ta dinga tsalle, murya na karkarwa. Wasu kan ɗora kwabo a kan hannun. Wannan dabara ba ta da kyau, faifai ne ke shan wahalarta. Akwai ƙarfe a bayan hannun da ake murzawa don daidaita nauyi.

In kuwa gurnani kake ji tun waƙa ba ta fara ba, duba siririyar wayar nan da ake ɗaurawa a jikin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, wataƙila ta kwance.

Murya ta yi kauri tana jan jiki? Duba ko maɓallin gudu ya dace da faifan: akwai faifan 33 (yawan juyinsa a minti ke nan), akwai na 45, akwai tsohon na 78 wanda allurarsa daban ce. Bel ɗin roba da ke juya faifai ma yakan saki. Wasu na'urorin da aka yi wa Amurka sukan yi nawa a nan, domin wutarsu mai bugu 60 ce a daƙiƙa, tamu 50.

Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa, ka saurara, sannan ka taɓa na gaba.

Aiki: Ɗora faifai ɗaya a gida. Rubuta jimla uku a kan abin da ka ji, ka kawo wa malam a zama na gaba.