Yadda ake dutin dare a sashen masu doguwar jinya a Saudiyya

Ƙannena nas-nas da kuka gama wahalar tantance takardu ta DataFlow da jarabawar neman lasisi ta Prometric, hukumar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya wato SCFHS ta bada lasisi, iƙama ta fito, kwatsam aka ce an tura ki sashen masu doguwar jinya kuma sati mai zuwa dutin dare zaki fara, to wannan naki ne. Da mace nake magana dan mu muka fi yawa, amma maza ku ma ku ɗauka, aikin ɗaya ne ko a Jidda kake ko Makka ko Riyad.

Ki fara sanin su waye zaki kwana dasu. Nan ba imajensi bane da ake shigowa ana fita. Mutanen da ke kwance wasu watanni suka yi wasu shekaru, tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki, masu gigin tsufa, samarin da haɗarin mota ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, da yawa an huda musu maƙogaro suna kan injin numfashi, abinci ta roba, fitsari ta roba. Yawancinsu basa magana, basa iya danna ƙararrawa su kira ki. Kuma da dare ma'aikata sun ragu, likita ɗaya ne ke riƙe da wurare da yawa, dangi sun tafi gida. Babban abun da ke kada nas a nan shine sabo, kin ga mutum jiya kin ganshi shekaranjiya yana kwance yadda yake, sai idonki ya daina kallonshi da gaske. Sabo turken wawa. Duk matakan da zan faɗa a kan wannan suke.

Mataki na farko tun a ɗaki yake farawa

Dutin yawanci awa 12 ne, bakwai na yamma zuwa bakwai na safe. Ranar da zaki fara daren farko kar ki ce bari in sha baccin safe har azahar shikenan, a'a, ki tashi yadda kika saba, kiyi hidimarki, bayan azahar ki kwanta ki samu awa biyu ko uku. Ki ci abinci na kirki kafin ki fita, shinkafarki ko tuwonki lokacin zaki ci, ba tsakar dare ba. Ki fita da alwala dan magariba da isha'i suna faɗowa ne daidai lokacin da aka fi rububi. A jaka: ƙaramar tocila, biro biyu, gorar ruwa, rigar sanyi, wallahi kar ki raina rigar nan, a waje zafi kamar me amma AC ɗin wod ƙarfe huɗun dare sai ya sa ki rawar ɗari.

Na biyu, karɓar duti

Ki iso da minti goma sha biyar a hannu. A nan zaki ji abokan aiki 'yan Filifin da 'yan Kerala ta Indiya suna cewa indosmen, handoba kenan, wato miƙa duti. Kar ki yarda a baki ita a zaune a tebur kaɗai, ku je bakin gado tare da wadda zata sauka. Zata gaji, zata so ta kama bas, zata ce miki "duk lafiya lau, yadda suke jiya". Kiyi murmushi ki ce mu dai je mu gani. Ki tambaye ta wa ya canza yau ko da kaɗan ne, wa bai yi bayan gida ba kuma kwana nawa, wa aka canza wa magani, wa ke jiran sakamakon jini. Magungunan da ake kullewa irin su mofin ku ƙirga tare ku biyu, ki gani da idonki kafin ki sa hannu, dan in lissafi ya ɓace da safe sunanki ne a takardar, kuma ƙasar nan bata wasa da maganar waɗannan ƙwayoyin ko kaɗan.

Na uku, zagayen farko, nan ne zan daɗe

Duk abun da zai tashe ki tsaye ƙarfe uku, yawanci alamarshi tana nan tun ƙarfe takwas. Dan haka zagayen farko ba na leƙe bane daga bakin ƙofa. Ki shiga, kiyi sallama ko da mutum bai san inda kanshi yake ba, ki ce da Larabci ya walid, ya walida, ana sista fulana, wato baba, mama, ni ce nas wance. In kika ci karo da tsofaffinmu Hausawan Makka da aka haifa a nan ko suka zo tun suna yara, ki ce Baba ina wuni, Hajiya ya jiki, zaki ga yadda fuska ke sakewa.

Sai ki kalli mutum daga sama har ƙasa. Numfashi ki ƙirga shi da kanki minti ɗaya cur, kar ki kwafe 18 ɗin da kowa ke rubutawa, dan numfashi ne ke fara hawa kafin sauran awo su motsa, in kika ga ya haura 22 ga wanda ya saba 16 to akwai magana. Tsoho fa cuta tana iya shiga jininshi ba zazzaɓi ko ɗaya, abun da zaki gani kawai shine ya fi jiya bacci, ko ya ruɗe fiye da yadda ya saba, ko wanda ke binki da ido yau ya daina. Ki duba jakar fitsari, kala da yawa, babban mutum in yana bada ƙasa da mil 30 a awa ki sa ido, amma kafin ki ɗaga waya ki duba ko robar ce ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya.

Mai hudar maƙogaro ki tabbatar a gefen gadonshi akwai bututun canji daidai girman nashi da wani ƙarami da shi, ga jakar ambu ta hura numfashi da hannu, ga injin zuƙe majina kuma ki kunna ki ji yana ja, ba wai ki ganshi a maƙale a bango ki wuce ba. Ranar da bututu zai fita ba lokacin gudu sito bane. Ki duba iskar oksijin, ki duba an kunna ƙarar injina, dan akwai masu rage ta da rana saboda ta ishe su.

Ki rubuta a 'yar takardarki su waye mutum biyu ko uku da hankalinki bai kwanta dasu ba. Su zaki riƙa komawa wa duk daren.

Na huɗu, magani da abincin roba

Kan gado ya zama a ɗage digiri 30 zuwa 45 duk lokacin da abinci ke tafiya, in zaki kwantar da mutum dan gyara shi ki tsayar da famfon abincin tukuna, in ba haka ba madarar ta dawo ta gangara huhu. Ƙwayoyi kar ki haɗa su ki niƙe gaba ɗaya ki ɗura, kowanne daban, ki kora ruwa kafin da bayan, kuma masu sakin kansu a hankali da masu rufin kariyar ciki ba a niƙa su sam, ki kira famasi su ba ki na ruwa. Robar da ta toshe tsakar dare ba ƙaramin ɓacin rai bane.

Masu suga ki kula da wanda aka yi wa insulin sannan aka tsayar masa da abinci saboda wani dalili. Mutumin da baya magana ba zai ce miki jiri nake ji ba, gumi kawai zaki gani da sanyin jiki. Suga in yayi ƙasa da 70 mg/dL ya faɗi kenan, ki bi tsarin asibitinku ki sake aunawa bayan minti 15.

Na biyar, juyi

Duk awa biyu, haka yake a rubuce kusan ko'ina, kuma shine aikin da aka fi yi a takarda ba a gado ba. Ku haɗa kai ke da wata ku bi ɗakunan tare, ki ɗaga gado ya zo miki daidai ƙugu, ku ja da zanin gado, bayanki guda ɗaya ne kuma shi kika zo nema da shi. A karkata mutum kaɗan da filo a baya ba a ɗora shi kan ƙashin ƙugu ba, a sa filo ƙarƙashin sangali dan diddige ya tashi daga katifa. Famfas in ya jiƙe a canza nan take, laima ce ke fara cin fata.

Ga wani abu da littattafan da aka koyar damu basu cika tsayawa a kai ba. Suna cewa ki nemi ja a fata. To a baƙar fata irin tamu ja baya nunawa, kuma a nan akwai marasa lafiya baƙaƙe da yawa, namu da 'yan Sudan da 'yan ƙasa ma. Ki haska tocila, ki nemi wajen da ya fi kewayenshi duhu ko yayi shuɗi-shuɗi, ki taɓa da bayan hannu ki ji ko ya fi zafi ko yayi tauri. Wuraren da zaki duba sune ƙasan baya, diddige, ƙeya, bayan kunne inda igiyar oksijin ke bi. In kin gani kar ki murza, ki ɗauke nauyi daga wajen, ki rubuta, ki faɗa da safe. Abokan aikinki da basu saba da fatarmu ba ki nuna musu, zasu gode miki.

Na shida, masu yawon dare da murafiƙ

Mai gigin tsufa da yamma ta yi yake ƙara rikicewa, ƙarfe biyun dare zai ce zai tafi masallaci ko zai je ɗauko yara. Kar kiyi musu dashi. Ki duba ko fitsari ne ya matse shi, ko ciwo, ko ƙishi, 'yan kalmomin Larabcin nan sun ishe ki farawa: fi alam (akwai ciwo?), tibga moya (kana son ruwa?), hammam (banɗaki). Gado a ƙasa, burki a danne, ƙaramar fitila a kunne. Ɗaure mutum ba shawarar nas bace ita kaɗai, sai da umarnin likita a rubuce.

Murafiƙ, wato ɗan uwan da ke kwana da mara lafiya ko 'yar aikin da suka aje, ki ja shi a jiki. Shi ya san yadda tsohuwarshi take in tana lafiya, in ya ce miki yau ba daidai take ba ki yarda ki je ki duba. Abu ɗaya zaki tsaya a kai ba sassauci, bada zamzam ko zuma ko dabino ta baki ga wanda baya iya haɗiya. Da kyakkyawar niyya suke yi, ki lallaɓa ki nuna musu a jiƙa auduga a shafa a leɓe, ko ki tambayi likita a bada zamzam ɗin ta roba.

Na bakwai, tsakanin uku da biyar

Nan jikinki zai ce shi fa bacci zai yi ko kin so ko kin ƙi. Kar ki aje lissafin magani mai wuya ko dogon rubutu a zaune zuwa wannan lokacin, ki sa aikin tsaye, juyi, share baki, cika kaya. Gahawa da shayi ki sha da farkon dare, bayan ƙarfe biyu ki bari, dan rabin abun da kika sha yana nan a jini bayan wajen awa biyar, shi zai hana ki baccin safe. Abinci mara nauyi, laban wato nono, dabino kaɗan, ƙwai. Kabsa, shinkafa da naman nan da ake oda ƙarfe ɗaya ana zama a kewaye akwai daɗi ba ƙarya, amma bayanta sai gyangyaɗi. In ana bada hutu ki kwanta minti 20 ki saita ƙararrawar waya, bayan kin damƙa marasa lafiyanki a hannun wata da sunanta.

Kuma in wani ya canza, ki kira likita. Zai iya yin tsaki, ba komai. Ki shirya kafin ki ɗaga waya: sunan mutum da gado, me ya faru, awonshi yanzu da na farkon dare, me kike so ayi. Ki rubuta lokacin da kika kira da abun da ya ce. In bai zo ba kuma hankalinki bai kwanta ba ki faɗa wa in-caji ko sufabaizan dare.

Na takwas, asuba zuwa sauka

Masu hankalinsu da yawa suna so a tashe su sallah, ki miƙa ɗan akwatin taimama, ki nuna alƙibla. Ku yi karɓa-karɓa ku ma ku yi taku, ba a barin wod ba kowa. Sai awon suga, jinin da za a ɗiba, lissafin abun da ya shiga da wanda ya fita. Rubutu ki riƙa yinshi tun dare a lokacin da kika yi abu, kar ki tara. Wajen miƙa duti ki fara da mutanen nan biyu ko uku na takardarki.

In kin fito ki sa baƙin gilashi dan ranar Saudiyya tana watsar da bacci tun kafin ki kai gida. Masu tuƙi, tunda mata sun fara tun 2018, in ido na rufewa ki aje motar ki hau Uber ko Careem. Ki ci abu kaɗan, tamis da ful, wato gurasa da wake, in kin samu, kiyi wanka, labule mai kauri, waya a kashe ƙara. Ki faɗa wa 'yan gida Najeriya ko Nijar lokacin da zasu kira, muna gabansu da awa biyu, goman safensu shine tsakiyar baccinki. Ranar da kika gama daren ƙarshe kuma kiyi awa uku ko huɗu kawai ki tashi, dan ki samu baccin dare.

Sai haƙƙinki in a asibitin kuɗi kike. Tun farkon 2020 akwai ƙa'idar aikin dare ta ma'aikatar ƙwadago, ta ɗauki 11 na dare zuwa 6 na safe a matsayin dare, ta ce a samu hutun aƙalla awa 12 tsakanin duti da duti, kar a riƙe mutum a dare fiye da wata uku a jere ba tare da an maida shi rana na wata ɗaya ba sai in shi ya so, kuma tayi tanadin cire mai ciki daga dare. Ki buɗe kwantiraginki ki duba me aka rubuta kan alawus ɗin dare da motar kai da kawowa, in babu ki tambayi ofishin ma'aikata a rubuce, ki aje kwafi.